A Sake Auna Numfashin Saudatu Kafin a Rufe Rajista

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Asibitin koyarwar da ya yi jinyar matata,
Kuala Lumpur.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, tare da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya a wannan annoba da ta hana ku hutu. Sunana Ɗahiru. Ni malamin lantarki ne a wata kwalejin fasaha a arewacin Nijeriya, shekara uku ke nan ina karatun digiri na uku a ƙasarku. Ina zaune a unguwar Sri Petaling da matata Saudatu da 'ya'yanmu mata biyu, Amira da ƙanwarta. Sau biyu na rubuto wa ofishinka, sau biyu aka ba ni amsa mai layi uku cewa an bi ƙa'ida. Shi ya sa na fito fili. Kwafin Turanci na wannan wasiƙa yana hannun sakatariyarka. Wannan ta Hausa kuwa na rubuta ta ne don 'yan'uwana mazauna garin nan su ji, domin abin da ya sami Saudatu yana iya samun duk mai irin fatarmu. Ban kama sunan asibitin ba saboda alherin da kuka yi mana, wanda zan faɗa a ƙasa.

Na ɗaya, yadda abin ya fara. Mako guda bayan Babbar Sallah Saudatu ta kwanta da zazzaɓi da tari, gwaji ya nuna korona ce. Na kai ta rumfar tantancewa da kuka kafa a harabar asibiti. Aka maƙala mata 'yar na'urar nan ta yatsa mai nuna yawan oksijin a jini, ta nuna casa'in da shida. Aka ce ta koma gida ta killace kanta. Ban yi musu ba, don na ga waɗanda suka fi ta jin jiki a kwance kan benci. Na sayi irin na'urar a kantin magani, ina auna ta sau biyar a rana, ina rubutawa a littafi. Ba ta taɓa sauka ƙasa da casa'in da huɗu ba. Amma matar da nake kallo ba ta iya ƙarasa Fatiha sai ta tsaya ta huta. A rana ta uku na mayar da ita rumfar, na'ura ta sake nuna lafiya lau, aka ce fargaba ce ke damunta.

Maƙwabciyarmu ce ta cece ta. Maman Joy muke kiranta, mutuniyar Filato, nas ce a gida Nijeriya kafin ta zo ƙaro karatu. A rana ta huɗu da azahar ta kawo mana abinci ta ajiye a bakin ƙofa, sai ta jiyo hakin Saudatu daga ciki. Ta tsaya nesa da takunkumi a fuska, ta ce in fito mata da ita inda haske yake, ta sa ta janye leɓenta na ƙasa. Tana gani ta ce, "Baban Amira, ajiye wannan abin. Dubi dasashinta, ya koma kalar toka. Ka kai ta yanzu, kuma ka ce su ɗebi jini a wuyan hannu. Kada ka tashi daga wurin sai sun ɗiba."

Haka na yi. Na tsaya gaban likitan da ke bakin aiki na ƙi matsawa, har ya gaji ya ɗebi jinin daga jijiyar wuyan hannunta. Na'urar tana maƙale a yatsanta tana nuna casa'in da huɗu a daidai lokacin da sakamakon jinin ya dawo da tamanin da shida. Na ga yadda fuskar likitan ta sauya. Da gudu aka tura gadonta, ko sallama ba mu yi ba.

Na biyu, abin da kuka yi mana. Kwana goma sha tara Saudatu ta yi a hannunku. An gaya mini cewa a farkon annoba mai irin halinta sai an zura masa bututu a maƙogwaro an haɗa shi da inji. Ita kuwa kun sa mata sabuwar na'urar da ke hura iska mai ɗumi ta hanci, kuna kwantar da ita rub da ciki, har ta farfaɗo ba tare da bututu ba. Wata nas da ban taɓa ganin fuskarta ba takan riƙe mata waya kullum da la'asar don yara su gan ta. Ita ce kuma ta zauna ta tsefe mata kitson da ya cukurkuɗe, alhali ba ta taɓa taɓa gashi irin namu ba. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba.

Na uku, binciken da ta shiga. An sallame ta da tabo a huhu biyu. A lokacin ne kuka buɗe sabon sashen binciken cututtukan huhu, aka ce za a bi diddigin waɗanda korona ta bar wa tabo, daga baya a zaɓi masu tsanani a sa su a shirin sabon magani da atisayen numfashi. Aka nemi Saudatu ta shiga. Mace ce mai tsoron allura, ko ta rigakafin yara kau da kai take yi. Na ce mata ba dole ba ne. Ta ce, "Malam, in jinina zai taimaki wata, su ɗiba." Ta sa hannu. Wata biyar muna zuwa ba fashi. An ɗebi jini, an shigar da ita injin ɗaukar hoton ƙirji, ta hura bututu har jiri ya ɗebe ta. Daga gida zuwa tashar jirgin ƙasa ta Sri Petaling tafiyar minti bakwai ce, mu kuwa sai mu yi rabin awa muna tsayawa a gindin kowace bishiya. Ma'aikatan sashen da bakinsu suka gaya mana ita kaɗai ce 'yar Afirka a cikin binciken, suna ta yi mata godiya.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin kukana. Da lokacin zaɓe ya yi, aka ce za a yi gwajin tafiya: mara lafiya ya yi ta kai da komo a barandar asibiti na minti shida, duk wanda oksijinsa ya sauka ƙasa da casa'in ya shiga shirin. Da me aka auna? Da na'urar yatsa, ita ɗin dai da ta mayar da matata gida sau biyu. Ina tsaye a ƙarshen barandar. Sau biyu Saudatu ta tsaya ta dafa bango. Da ta gama sai da aka kawo mata kujera, gumi ya jiƙe mata hijabi, ta kasa amsa tambayar da aka yi mata. Na'ura ta nuna casa'in da ɗaya. Aka rubuta cewa ba ta cancanta ba.

Na roƙi a duba fayil ɗinta, a ga ranar da na'urar ta ƙara mata lamba takwas. Ma'aikacin ya ce takardar bincike ba ta da gurbin rubuta wannan. Na roƙi a ɗebi jini kamar wancan karon. Ya girgiza kai ya ce da harshenku, "Tak boleh," ba zai yiwu ba. Wani kuma ya ce wataƙila lalle ne a yatsunta ya rikita na'urar. Ranka ya daɗe, rabon Saudatu da lalle tun kafin ta kwanta. Na ɗaga hannunta na nuna masa faratanta tas.

Na biyar, ni ba likita ba ne, kuma ba zan koya muku aikinku ba. Amma na'urori masu aiki da haske su ne abin da nake karanta. Wannan 'yar na'ura haske take harbawa ya ratsa yatsa, ta lissafa abin da ya fito ta ɗaya gefen. Fata mai duhu tana shanye wani ɓangare na hasken, lissafin ya karkace, kuma yakan karkace ne ta wajen nuna lafiyar da babu. Ba ni na gano wannan ba. Likitoci sun rubuta shi a mujallunsu tun kafin annoba, sun sake rubutawa a cikinta, na kuma haɗa muku kwafin abin da na samu a wasiƙata ta biyu. Wata matashiyar likita a sashenku, wadda ba zan bayyana ta ba, ta biyo mu har bakin lif ranar gwajin. Ta ce ita ma ta sha ganin haka a tsakanin 'yan ƙasa masu duhun fata, har a jikin mahaifinta, amma ba ta da ikon sauya ƙa'idar bincike. Ke nan maganar ba ta baƙi kaɗai ba ce. Idan sashenku ya ci gaba da zaɓen mutane da wannan ma'auni, zai gwada sabon magani a kan masu hasken fata, ya mayar da sauran gida da takardar cewa lafiyarsu ƙalau, sannan a buga sakamakon a ce na kowa ne.

Na shida, halin da muke ciki yau. Kafin ciwon nan Saudatu ce ke yi wa rabin matan Nijeriya na unguwarmu ɗinki. Takan shiga titin Jalan Tuanku Abdul Rahman da safe, ta zaga shagunan yadi ɗaya bayan ɗaya, ta dawo da ƙunshi niƙi-niƙi ko a jikinta. Yanzu a zaune take salla. In za ta yi wanka sai na ajiye mata kujera a banɗaki, in tsaya a bayan ƙofa ina saurare. Ƙaramar 'yarmu ta daina gudu ta faɗa jikinta, ba wanda ya hana ta, da kanta ta lura. Makon jiya babbar ta tambaye ni, da Turancin da suka saba, ko Umma za ta koma asibitin da ba a barin yara su shiga. Na ce a'a, amma ban iya kallon idonta ba.

Likitan huhun da ke duba ta ya gaya mini gaskiya, na kuma gode masa. Ya ce tabon da bai daɗe ba shi ne ake sa ran magani ya tare shi, in ya ƙeƙashe ba ya komawa. Hoton watan jiya ya nuna tabon ɓangaren dama ya ƙara faɗi. An ce ƙarshen watan nan za a rufe rajistar shirin. Ni kuma karatuna ya zo ƙarshe, bizarmu saura 'yan watanni. Likitan ya ce a yadda take, doguwar tafiyar jirgin sama ba tare da oksijin ba haɗari ce. In ma mun isa lafiya, garinmu tafiyar awa uku ce zuwa asibitin da ke da likitan huhu, injin oksijin na gida kuma wuta yake so dare da rana, abin da ba mu da shi. Mahaifiyarta takan kira duk Juma'a ta ce, "Ɗahiru, yaya jikin nata?" In ce da sauƙi, Inna. Na fara jin tsoron ƙarar wayar. Ina zama gaban kundin digirina in yi awa guda a shafi ɗaya, kunnena yana ɗakin da take.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

A sake yi wa Saudatu gwajin tafiya kafin a rufe rajista, a ɗebi jinin jijiya da zarar ta tsaya. Idan jinin ya nuna ba ta cancanta ba, wallahi zan karɓa, in kuma fito fili in faɗa kamar yadda na fito yau. Ba alfarma nake nema ba, ba na kuma son a cire kowa don a sa ta.

A binciko fayilolin duk waɗanda aka ƙi ɗauka saboda lamba ɗaya ko biyu, a duba masu duhun fata a cikinsu, 'yan ƙasa da baƙi, a sake kiransu.

A sanar da ma'aikatan rumfar tantancewa cewa idan na'ura ta ce lafiya, mara lafiya kuma yana haki, to a duba leɓe da dasashi, a ɗebi jini. Annobar ba ta ƙare ba, kuma ba kowa ke da nas a maƙwabta ba.

Sannan tunda kuna da sashen bincike da kayan aikin da ƙasashe da yawa ba su da su, ku binciki na'urar kanta. Na yi magana da 'yan'uwa ɗaliban Nijeriya a masallaci da coci, da yawa sun ce za su zo su ba da yatsa da jini a kwatanta. Ni ne zan fara.

Ga 'yan'uwana masu karanta wannan kuwa, kada ku jefar da na'urar, tana da amfaninta. Amma in naku yana haki, ku yarda da idonku.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya saka wa likitocinka da nas-nas ɗinka da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, ya sa binciken da kuka fara ya zama waraka ga mutane masu yawa. Allah ya yaye mana wannan annoba.

Ranar Talata mai zuwa Saudatu tana da ganin likita da ƙarfe tara na safe. Na ari keken marasa lafiya, don ba na jin za ta iya kaiwa tasha da ƙafarta a wannan karon. In an gama duba ta, za mu hau bene na biyu mu zauna a bencin da ke ƙofar sashen bincike, mu jira amsarka. Jiya na tambaye ta ko ta yarda a sake soka mata allura a wuyan hannu, don ta san zafinta ya fi na kowace. Ta naɗe hannun rigarta ta ce, "Wanne suke so, dama ko hagu?"

Wassalam, tare da girmamawa.

Ɗahiru, mijin Saudatu,
Sri Petaling, Kuala Lumpur.