Ƙananan Fiyanon da Suka Kasa Jure Daminar Haɗejiya

Zuwa ga Manajan kamfanin kayan makarantu da ke Kano, wanda ya sayar wa makarantarmu ƙananan fiyano na yara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Yallaɓai, ni malamar firamare ce a Haɗejiya. Na koyi kaɗa fiyano a kwalejin horar da malamai, kuma iya sanina ba wanda ke koyar da shi a garin nan sai ni. Na daɗe ina bin iyaye ina lallashi kafin su yarda 'ya'yansu su riƙa tsayawa bayan an tashi, mu yi darasin kiɗa. Da suka yarda, shugaban makaranta ya ba ni ɗaki, aka yi odar fiyano huɗu daga wurinku. Ranar da mota ta sauke su, ni na share ɗakin da kaina, yara kuwa suka cika taga suna leƙe. Na rubuto maka a fili ne saboda na gaji da kiran wayar da ba ta kai ni ko'ina.

Na farko, sautin. An ce mana fiyano ne na gaske, an dai ƙaranta shi ne domin yara. Da na buɗe bayansa ban ga tsirkiya ko ɗaya ba, sai 'yan ƙarafa da guduma ke bugawa. Ban damu da wannan ba, da a ce sautin daidai yake. Amma madanni ɗaya, idan ka danna shi a wannan fiyanon ka danna a wancan, murya biyu za ka ji. Yara huɗu ba su iya kaɗa waƙa ɗaya tare. Kunnen yaro kuwa abin da ya fara ji shi yake riƙewa, ni kuma ba ni da hanyar gyara masa.

Na biyu, girman. A kwalin an rubuta ya dace da ɗan firamare. Ɗan aji biyar idan ya zauna, gwiwarsa ba ta shiga ƙarƙashi, sai ya durƙusa a tabarma, ya lanƙwashe baya. Madannan sun matsu har yatsa ɗaya na danna biyu.

Na uku, kuma shi ya fi yi mini ciwo, katakon. Mu a bakin kogi muke. Idan damina ta zauna, fadama ta cika, komai na katako kumbura yake yi. Kafin ruwa ya janye rabin madannan sun maƙale, ka danna su ƙi tasowa. Na kira ku, aka ce injiniya zai zo, bai zo ba. Shugaban makaranta ya ga yara na zaune ba aiki, sai ya kira kafintan unguwa. Kafinta ya yi abin da kowa ke yi wa ƙofar da ta kumbura a garin nan: ya zare madannan ɗaya bayan ɗaya ya kankare gefensu. Madannan suka yi aiki har ƙarshen kaka. Da rani ya shigo katakon ya bushe ya tsuke, yanzu madannan rawa suke yi a gurbinsu, guduma na bugun iska. Da na sake kira, ma'aikacinku ya ce tunda kafinta ya taɓa, ba ruwanku, kuma ai abin wasan yara ne, me ya sa nake tayar da hankalina. Yallaɓai, ba da sunan abin wasa kuka sayar mana ba. Babu kuma inda kuka ce kada a kai shi ƙasa mai danshi.

Yaran sun janye ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Abokan aikina suna tsokanata, suna kirana Malama mai gwangwani saboda ƙarar fiyanon, in yi dariya tare da su. Ba wanda zan zauna da shi in faɗa masa abin da na rasa ya gane. Idan an tashi, kowa ya kama hanyar gida, nakan shiga ɗakin in goge ƙurar fiyanon da ba sa magana.

Ɗaliba ɗaya ta rage mini, Falmata, 'yar aji shida. Mahaifinta masunci ne a wajen Kirikasamma, a gidan gwaggonta take zaune domin karatu. Na zana mata madannai a jikin falankin katako, tana dannawa tana rera sautin da bakinta, kuma ba ta kuskure. Rannan ta ɗago kai ta tambaye ni, “Malama, fiyano na gaske kullum muryarsa ɗaya ce, ko shi ma yana sauyawa idan ruwa ya zo?” Na ce mata ba ya sauyawa haka. Ta yarda da ni ne kawai, don ba ta taɓa ji ba. Ƙarshen zangon nan za ta gama ta koma gida, shugaban makaranta kuma ya ce idan ba a sami abin kaɗawa ba zai mayar da ɗakin wurin ajiyar kujeru.

Don haka ina roƙonka abu uku. Ka turo wanda ya san aikin ya duba fiyanon nan, ya faɗa mana gaskiya idan ba su gyaruwa. Ku rubuta a kwalin shekarun da suka dace da shi da irin yanayin da yake jurewa, kada wata makarantar ta faɗa inda muka faɗa. Sannan ku karɓi huɗun nan ku ba mu guda ɗaya tak mai sauti daidai, ko tsoho ne, ko aro ne, muddin zai iso kafin Falmata ta tafi.

Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya raya maka zuriya, ya sa ka ji wannan kuka da kunnen uba.

Wassalam.

Malama Hajara,
malamar kiɗa, Haɗejiya.