Hannun da Baba Yake Ɗagawa

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar? Tunda kin ce a waya ba kya jin komai sai shuuu, na ce bari in koma takarda, in ba direban motar kayan nan ya miƙo miki.

Baba da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa wa mai tambaya. Ɓarin hagun da ya shanye bai dawo ba, harshen ma ya yi nauyi, sai na kai kunne bakinsa nake tsintar kalma ɗaya ko biyu. Da safe in yi masa wanka in ba shi magani in tafi kantin magani wurin aiki, da rana in dawo in juya shi, da yamma kuma haka. Bayana ya fara ba ni labari.

Kin tambayi gidan burodi. Babbar tanda ta lalace tun watan jiya, ƙaramar kawai ake kunnawa. Yaya ya ce a sayar da injinan a ba da hayar wurin, shi ne babba, maganarsa ce magana. Auta ya ce sanda yake ƙona hannu a gefen Baba, Yaya yana ofis yana shan iskar fanka, don haka gyara za a yi. Yanzu ko gaisawa ba sa yi. In ɗaya yana da saƙo, ni ce waya.

Abu ɗaya ne ke haɗa su. Akwai wani wasa da ake nunawa a talabijin duk Lahadi da yamma, ya haukata gari. Wani sarki ne ya mutu ya bar tagwaye, ungozomar da ta san wanda ya riga fitowa ita ma ta mutu. Ɗaya ya kama tsauni, ɗaya ya kama bakin kogi, kowa da rundunarsa da zakuna masu fukafukai, suna ta ƙona garuruwan da suke cewa nasu ne. A kanti mai sayen maganin tari sai ya tambaye ni ɓangaren da nake kafin ya karɓi ledarsa. Yaran layi sun rabu gida biyu, har an fasa wa wani goshi.

To Yaya ɗan Tsauni ne, Auta ɗan Kogi. Su zo su zauna a doguwar kujera, kowa ya kama ƙarshensa, in turo Baba a kekensa tsakiyar falo. Ba sa kallon juna, talabijin suke yi wa magana. Yaya ya ce ƙasar da ba ta san babba ba ta lalace. Auta ya ce wanda ya yi gadin iyaka shi ya san ciwon ƙasa. Da musun ya yi zafi sai Baba ya ɗaga hannunsa na dama. In Yariman Tsauni ne a allo, Yaya ya gyara zama ya ce, "Kowa dai ya gani." In na Kogi ne, Auta ya yi tafi. Ni kuwa ina kicin ina haɗa musu shayi.

Na gaji, Gwaggo, amma ko ba komai Baba yana ganinsu. Ki huta lafiya.

Takwararki

*

Takwara,

Ina amsa gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, ni da ita mun daina jayayya.

Takardarki ta sa na shiga gidan maƙwabciyata na kalli wasan naku. Ba na jin abin da suke faɗa, to sai na zuba ido. Tagwayen nan ban iya bambance su ba, gemu iri ɗaya, ɗaure fuska iri ɗaya. Maƙwabciyar tana ta dafa ƙirji tana nuna min da hannu wai wannan ne azzalumin, can kuma sai na ga ɗayan ya cinna wa gonakin mutane wuta. Zakunan dai sun burge ni, sai dai na yi ta tunanin wa ke share ƙarƙashinsu.

Yanzu ki saurare ni, ba a banza na yi shekarun nan ina koyar da yara ba. Na karanta takardarki sau biyu ina neman inda kika ce kin zauna, ban samu ba. Wanka ke, magani ke, saƙo ke, shayi ke. Ƙartai biyu suna zaune suna raba sarautar da ba ta ubansu ba, alhali ubansu yana gefe yana bukatar a goge masa baki. Wa ya ce miki wannan zumunci ne?

Ƙanena na san shi tun yana rarrafe. Bai taɓa zama ya kalli wasa ya kai ƙarshe ba, ko labarai ne barci yake yi. Ban yarda yana da wani ɓangare ba. Ki kai shi likita ya duba shi da kyau, ke ma ki ce a duba bayan naki.

Ɗakin baya yana nan a share. Ban ce ki zo ba, na dai faɗa miki a share yake.

Ki gaishe da ubanku, ki riƙe masa hannu ki ce ni ce.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ki yafe min jinkirin amsa. Abubuwa ne suka taru.

Na kai Baba asibiti. Likitan ya ɗaga biro yana yawo da shi a gaban fuskarsa, daga dama zuwa hagu. Da biron ya wuce saitin hanci sai Baba ya daina binsa. Likitan ya ce ciwon ya tafi da rabin ganinsa, duk abin da ke hagunsa babu shi a wurinsa. Gwaggo, talabijin ɗinmu a hagu take daga inda nake ajiye kekensa. Doguwar kujera ce a dama. Duk Lahadin nan Baba bai ga zaki ko ɗaya ba. Su yake gani, jijiyar wuya a tashe.

A hanyar dawowa na tsugunna gaban keken na tambaye shi me yake nufi in ya ɗaga hannu. Ya daɗe yana kokawa da harshen, sannan ya ce, "Shiru."

Na faɗa musu. Yaya ya ce Auta ne ya kitsa min, don ya ga Baba ya fi ɗaga wa Tsauni hannu. Auta ya ce ai dama tun muna yara bayan Yaya nake bi. Na kwashe kofuna.

Sai ga kashin ƙarshe na wasan. An tara runduna biyu a fili, zakuna sun rufe sama, tagwayen sun zare takubba, kawai sai rubutu ya hau allo, wai sai wani zangon, ba a ma san yaushe ba. Na ji ihun layinmu ta taga. Washegari a kanti ba wanda bai zagi masu wasan ba. Wata tsohuwa ta ce sun ci amanarta, ta ajiye jikokinta da yunwa tana kallo. Mai kantinmu ya rantse ba zai ƙara kallo ba, an jima na gan shi yana duba waya ko an faɗi ranar dawowa. A falonmu kuwa, karo na farko bakin Yaya da na Auta ya zo ɗaya, duk suka ce an raina musu hankali. Kowa ya ɗauki makullin motarsa.

Lahadin da ta biyo baya Baba ya nuna min farar rigarsa, na sa masa, na fesa masa turare, na turo shi falo. Muka zauna har shayin ya huce. Duk motar da ta wuce sai ya juya kai. Ba wanda ya zo, ba wanda ya kira. Ta gaba ma haka.

Mai kwaɓin da ya fi kowa daɗewa a gidan burodi ya bar aiki, ya zo har gida ya yi wa Baba sallama yana share ido. Ni kuma jiya na miƙa wa wata mata maganin da ba nata ba, Allah ya taimaka ta duba kwalin kafin ta fita. Na shiga bayan kanti na zauna a kan katan.

Ban san me zan yi ba. Ki sa ni a addu'a.

Takwararki

*

Gwaggo,

Barka da war haka, da fatan kina lafiya. Auta ne. Kin san ni da rubutu, ki yi haƙuri da hannun.

Na san takwararki tana wurinki, ba ta da inda za ta je in ba nan ba. Abin da ta yi bai kyautu ba. Ta kira ni wai Baba na nemana, ta kira Yaya ta faɗa masa haka. Muna shiga muka tarar da jakarta a bakin ƙofa. Ta nuna mana magunguna, ta nuna yadda ake juya shi, ta sumbaci goshinsa ta fita. Mun ɗauka kanti za ta.

Da farko muka raba, ni safe Yaya yamma, don kada mu haɗu. Ban taɓa sanin Baba yana da nauyi haka ba. Ranar Talata ya zame min a banɗaki, na kasa ɗaga shi, yana kwance a kan tayil yana kallona. Dole na kira Yaya. Ya zo da kayan ofis, ya shiga ruwan da takalminsa, ya kama kafaɗa na kama ƙafa. Da muka kwantar da shi sai Yaya ya ga wani gyambo a ƙugunsa, wanda ashe ita take wankewa kullum. Ya fita baranda ya daɗe. Ban bi shi ba.

Yanzu tare muke yin wankan, ba don daɗi ba, mutum ɗaya ba ya iyawa. Shekaranjiya muka mayar da talabijin dama, na saka masa wasan daga farko don ya ga abin da ake magana a kai. Ya kalla kaɗan, aka nuna zakin nan yana cin wani ƙauye, sai ya ce, "Kashe." Yaya ya kashe.  Can sai Baba ya ce, tar kamar ba shi ba, "Ina yarinyar?"

Maganar gidan burodi tana nan. Yaya ya kawo wani mai gyara ya duba babbar tanda, wai don ya san darajarta in za a sayar. Amma na ji yana tambayar mutumin ko ana samun kayan gyaranta. Na yi kamar ban ji ba, kar in ɓata.

Don Allah ki ce ta dawo. Mun gane. Yaya ma yana gaishe ki, yana nan yana wanke zanin gado.

Ɗanki, Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka da ta yayanka.

Tana nan. Kwanakin farko barci kawai ta yi, ina leƙawa in ga ko tana numfashi. Yanzu ta fara cin abinci a zaune.

Na ba ta takardarka. Da ta kai inda ubanku ya tambaye ta, ta yi kuka, ta tashi ta ɗauko jaka. Na karɓe jakar na kulle a ɗakina. Ku gaya masa yarinyar tana lafiya, tana wurin yayarsa, zai gane.

Za ta dawo, amma ba wannan makon ba, kuma ba a kan aikin da ta bari ba. Ta ce a riƙa shafa maganin gyambon bayan wurin ya bushe, ba da danshi ba.

Allah ya ba ku haƙuri da juna.

Gwaggonku