Bishop a Gafakar Malam

Abakpa Nike, Inugu
Rajab, 1974

Zuwa ga Yaya Talha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da yara. Mu nan sai godiya.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Maigidana Malam Nasidi, limamin masallacinmu, ya tsiri zuwa gidan wani Rabaran, maƙwabcinmu tun kafin yaƙi. Wai taya shi yake karanta Larabci a littafin wani bishop, babban limamin coci na Ingila, da ya mutu shekaru aru-aru. Ko tuwo yake ci, zancen bishop ɗin ke nan: ɗan tela ne, ya yi karatu har ya shugabanci makaranta, yaƙin basasarsu ya kore shi, ya dawo ya tarar da kango kamar mu. Ni dai na ce ruwa ba ya tsami banza. Me bishop zai yi da Larabci in ba tarko ba? Ga shi Malam har alwala yake yi kafin ya taɓa littafin, kuma a gafaka yake ajiye shi. Tsoro nake ji. In ya bar addini ka san babu aure, sai ka zo ka tafi da ni.

Ƙanwarka,
Shafa'atu

Sha'aban, 1974

Yaya Talha,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna?

Abin ya fashe. Alhaji Gimba, shugaban 'yan albasa, ya buɗe gafakar a masallaci, sai ga hoton bishop da gicciye. Jama'a suka ce ko Malam ya ƙona littafin ko ya bar limanci. Ina leƙe ta katanga Malam ya buɗe wani shafi, ya ce, "Fatiha ce bishop ɗin ya kwafa da hannunsa. A ƙasa na tarar da littafin a gidan Rabaran, kusa da takalma. Ga ashana, wanda zai iya bismilla."

Gimba ya karɓi ashanar, ya juya ta, ya juya, ya sa a aljihu. Duk da haka suka tuɓe Malam, wai zuciya ta riga ta yi zargi. Ban zage su ba, don ni na riga su zarginsa.

Yanzu Gimba ke jan salla, Malam yana sahun baya. Kada ka zo, Yaya. Ina ɗakina.

Ka gaida kowa.
Taka,
Shafa'atu