Karen Rifkatu da Ɗankwalina

Yaya Saratu,

Ina gajiya? Ya jikin Baba, ya yara? Mu nan Manchester lafiya lau.

Rifkatu, matar ɗana, ta sayo kare daga Birmingham, wai tana koya masa neman waɗanda suka ɓace. Jiya ta ce in ba ta ɗankwalina da ban wanke ba, karen ya shinshina, ni kuma in ɓuya a park, wato lambun shaƙatawa. Yaya, a gida wa ke roƙon kayan da ya sha gumin mutum, in ba mugu ba? Sai na ba ta sabo fil. Duk da haka karen nan ya iske ni har bayan bishiya!

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da Baba. Kayana dai na kulle su a akwati.

Ƙanwarki,
Talatu