Tarin Sika

Litinin, 6 ga Yuni, 1955

Har yanzu ina tuna ranar da mijina Garuba ya shigo da shi. Ina zaune a bakin ɗaki da littafina, na kai daidai inda saurayin ya dawo daga tafiya da tsaraba a hannu, sai na ji sallamar mijina. Murna ta kama ni. Tun aurenmu ko ɗankunne bai taɓa kawo mini ba, na ce yau ce. Ashe igiya ce a hannunsa, a ƙarshenta ɗan kare ja mai dogayen kunnuwa. A wurin wani maharbi ɗan Asante ya saye shi, saboda ɓarayi sun fasa siton goron maƙwabtanmu. Ya ce, "Na gadi ne, ba na wasa ba." Ya ɗaure shi da sarƙa a bakin sitonmu ya wuce.

Sika sunansa, yaren Asante kawai yake ji. Tun daga ranar na sami wanda ke miƙewa tsaye in na fito tsakar gida. Shi kaɗai a gidan nan.

Yau ya yi ta atishawa.

Laraba, 8 ga Yuni

Ruwan sama tun safe. Ga shi an kawo sabon goro, mata sun wuni suna wankewa suna shirya shi cikin ganye. Duk ruwan wankin ta bakin sito yake bi, daidai inda Sika ke kwance. Wurin ba ya bushewa. Hancinsa na zubar da ruwa, idanunsa ma haka.

Na ce wa Mma Humu, uwar mijina, ko a matsar da shi ƙarƙashin rumfar girki. Ta dube ni sama da ƙasa. "Kare kusa da tukunya? A Salaga haka kuke yi?" Kullum sai ta tuna mini garinmu kamar wani laifi.

Alhamis, 9 ga Yuni

Tari ya fara. Busasshe, kamar abu ya maƙale masa a wuya. In ya ja sarƙa sai ya ƙaru.

Asabar, 11 ga Yuni

Garuba ya ce ƙashi ne ya maƙale masa. Mma Humu ta ce ƙashi ne, kuma ni na ba shi. Daga nesa duka suka duba, kowa ya tattare rigarsa kada ta taɓa shi. Mutumin da ke jin goro ya fara lalacewa tun bai buɗe kwando ba, ya kasa ganin majinar da ke hancin karensa.

Ƙashi ba ya sa majina ta yi kauri ta koma ɗorawa. Ƙashi ba ya manne ido da kwantsa. Na kai masa ƙanzo da romo, ya sunsuna ya juya kai. Ina jin ƙanshin ma ba ya shiga.

A littafin da nake karantawa matar ta ce wa mijin, ina roƙonka abu ɗaya, shi kuma ya ajiye abin da ke hannunsa ya saurara. Na gwada. Garuba bai daina zaɓen goro ba. Ya ce, "Azaratu, karatun nan zai ɓata ki."

Lahadi, 12 ga Yuni

Na taɓa shi.

Na tsuguna na sa bayan hannuna a hancinsa. Zafi, ya bushe har ya tsage. Kunnuwansa ma zafi. Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na goge masa ido da hanci, ya buɗe ido ya gan ni, ya buga jela a laka.

Mma Humu na tsaye a bayana ban sani ba. Salati ta saka har matan haya suka fito. Ta sa na wanke hannu da ƙasa da sabulu a gaban kowa, ta ce kada in taɓa goro, kada in taɓa tuwo. Da yamma ita ta yi girki, ta aiko mini nawa a tsohon kwano.

Ban yi kuka ba sai da na rufe ƙofa.

Talata, 14 ga Yuni

Maame Adwoa mai sayar da dokunu, tuwon masarar Asante, ta leƙo. Ita ce ƙanwar maharbin da ya sayar da Sika. Ta tsuguna ta yi masa magana da yarensu, ya ɗaga kai. Ta nuna mini haƙarƙarinsa yadda ke shiga yana fita, ta ce in kasa kunne. Kamar ana tafasa ruwa a ciki.

Ta ce da Hausarta, "Amariya, mura ya sauka ƙirji. Wuri busashe yana so, da ɗumi, da ruwan nama kaɗan kaɗan. A nan ƙasa ba zai kai Juma'a biyu ba." Ta ce akwai likitan dabbobi a gari, in maigida ya yarda.

In maigida ya yarda.

Laraba, 15 ga Yuni

Bai yarda ba. Ya yi dariya har ya ƙware da goro. "In ɗauki kare in ratsa Zongo, unguwarmu ta Musulmi, da shi zuwa asibiti? Da wace fuska zan shiga masallaci?"

Na ce to a bar shi ya kwanta a zaure. Ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da kare ke ciki. Na so in tambaye shi ko suna shiga gidan da ake barin dabba ta ruɓe a laka. Na haɗiye.

Juma'a, 17 ga Yuni

Sika bai yi haushi ba da masu lori suka zo ɗaukar kaya. Wannan ne Garuba ya lura da shi. Tarin bai ji ba, shirun ya ji.

Bayan masallaci na ji yana gaya wa abokinsa Zuberu cewa ran Litinin za a kai shi bayan bola a sake shi, a nemo wani. "Wannan ya gama aikinsa." Da irin muryar da yake ware goro mai tsutsa. Na tsaya da buta a hannu ina kallon ƙeyarsa. Na yi ta neman mutumin da na riƙa zanawa a raina kafin a kawo ni gidan nan. Babu shi. Wataƙila ni na ƙirƙire shi.

Lahadi, 19 ga Yuni

Da hantsi, kowa na tsakar gida, na je na kwance sarƙar. Sika ba nauyi, ƙashi ne da fata. Na rungumo shi na ratsa ta gaban Mma Humu na shiga ɗakina. Na shimfiɗa masa tsohon zanena a bayan ƙofa, na ajiye kaskon garwashi nesa kaɗan. Ya lashi romo daga tafin hannuna. Numfashin da sauƙi kaɗan, ko kuwa ni ce nake so in ji haka. Ban sani ba ko zai tashi.

Garuba ya zo ya tsaya a waje, bai ɗaga labule ba. Ya ce, "Muddin karen nan na ciki, ƙafata ba za ta taka ɗakin nan ba. Ki zaɓa."

Na jira in ji tsoro. Na daɗe ina jira. Abin da na ji kawai shi ne garwashin na buƙatar fifita.

Sika zai zauna a ɗakin.