Zabuwar da Ta Fitar da Sunana daga Tallafi

Zuwa ga Shugaban kwamitin tantance masu samun tallafin abinci na karkararmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, ni ne Isuhu, daga wani ƙauye gabas da Guci. Sau uku ina zuwa bironka, wato ofishinka, ban same ka ba, shi ya sa na rubuto a fili, ko da asirina zai tonu.

Na farko. Shekara tara ina gadin magazan, wato ɗakin ajiyar kaya, na wani porje, shirin raya karkara mai gina rijiyoyi. Bayan girbin bara porje ya tattara kayansa, aka sallame mu. Na je har Damagaram na tambaya ko akwai abin da ake ba wanda ya rasa aiki. Aka duba takarduna, aka ce babu, sai shekarun ajiye aiki sun cika. Shekarata arba'in da huɗu, ga mutum takwas a wuyana.

Na biyu. Da rani ma'aikatanka biyu suka zo ƙidaya gida gida. Ka san halinmu da baƙo. Mai ɗakina ta aro kujeru a maƙwabta, na sa rigar sallata, muka yanka zabuwa ɗaya tilo da ta rage mana. Suka ci, suka gode, suka fito da takarda. A gaban surukina da maƙwabta aka tambaye ni sau nawa muke cin abinci a yini. Ranka ya daɗe, wane magidanci ne zai buɗe baki a gaban uban matarsa ya ce ya gaza? Na ce sau uku, alhamdu lillahi. Suka ɗaga kai suka ga rufin kwanon da na yi lokacin ina ɗaukar albashi, suka rubuta.

Na uku. Da aka kafe sunaye a meri, ofishin magajin gari, babu nawa. Wai ina cikin masu hali! Ban ga laifin mutanenka ba, abin da suka gani suka rubuta. Wautar tawa ce, kuma kullum ina cizon yatsa. Amma rufin kwano ba ya shiga tukunya.

Ga gaskiyar da na ɓoye. Rumbuna ya ƙare tun tsakiyar rani. Sau ɗaya muke ci, shi ma rabinsa ganye ne. Mun taɓa irin shuka. Yanzu wani ɗan kasuwa ya taya gonar da mahaifina ya bar mini, ya ce in ba shi amsa ranar kasuwar Guci ta sama. In na sayar za mu kai kaka, daga nan kuma ba ni da inda zan kafa hauya har abada. Wallahi tsoro nake ji.

Roƙona biyu ne. Ka sake turo mutanenka kafin ranar kasuwar, ba tare da sanarwa ba, su leƙa rumbu da idonsu. Sannan a daina yi wa magidanci wannan tambaya a gaban jama'a, don na san ba ni kaɗai na yi ƙaryar rufin asiri ba.

Surukina ba ya karatun boko, amma na san za a karanta masa wannan takarda. Baba, ka yafe mini, 'yarka da jikokinka yunwa suke ji.

Allah ya ƙara maka lafiya, ranka ya daɗe, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya raba iyalinka da irin wannan rana.

Wassalam.

Isuhu, tsohon mai gadi