Sandar da Na Yanka

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidan da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene tana yi mana faɗa daga sama.

Yaya, sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa, don kunya ce fal a cikina. Kin tuna sandar alminiyam da kika aiko wa Auta, wadda kan firintarta yake zamewa a kai? Firintar nan ta kan tebur nake nufi, mai narka roba tana fitar mata da ƙananan gidajen gwaji da take kaiwa makarantarsu ta zanen gine-gine. Ranar da saƙon ya iso Auta za ta fita, sai ta ce in ɗaura mata tunda ni ne mai walda a gidan. Na ɗaga sandar na ji ta sakayau, cikinta duk ramuka. Kin san halina, ƙarfe in bai ja mini hannu ƙasa ba ban yarda da shi ba. Na ce a raina an cuce ki. Ban karanta takardar da kika haɗo ba. Na tafi shago na gyaro ƙarfe mai nauyi daidai tsawonta, na goge shi ya yi ƙyalli, na ɗaura. Taki kuwa na yanka ta gida huɗu, na yi wa kabad ɗin Inna hannuwa.

Ashe sandar ma tafiya take yi gaba da baya, ba a tsaye take ba. Duk sanda injin ya ja birki, nauyin ƙarfena sai ya fizge shi, tebur ya ɗauki rawa, bangon gidajen ya fito a karkace. Mako biyu Auta tana sake zane, tana zaton ita ce ba ta iya ba. Malaminta ya ce in ta sake kawo irin wannan, za ta maimaita shekara. Ni kuwa na gane ƙarfena ne, amma na ɓoye mata. Abin da ya karya ni shi ne da na ji tana roƙon Inna kada a gaya miki, wai kada ranki ya ɓaci ki ji kyautarki ce ta ɓata mata aiki.

Jiya da safe na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta shiga kicin ta tsaya gaban kabad, ta shafa hannuwan, ta ce sun yi kyau.

Saura kwana ashirin ta miƙa aikin. Don Allah ki yafe mini, ki aiko da wata da gaggawa. In ta iso ko ɗaga ta ba zan yi ba. Auta ce za ta ɗaura, ni in riƙe mata noti.

Ki gaida maigidan, da 'yan biyu, da Goggo in kun yi waya. Inna na gaishe ki, ita har yanzu yabon kabad ɗinta take yi.

Ƙaninki mai walda, da kai a sunkuye.